Muciya Mai Huda Shida

Tun kuna ƙanana kuke tambayar abin da ya sa muciyar Ummanku take da huda shida a kai, alhali ta kowane gida a unguwar nan sumul take. Kowa ya ba ku amsa irin tasa. Goggo Ladi, Allah ya jiƙanta, ta ce muku don iska ta riƙa shiga ne tuwo ya yi saurin hucewa. Ummanku kuwa ta ce babanku ne ya taɓa yin wani ɗan gajeren hauka a samartaka, Allah ya yaye masa. Ni kuma duk wanda ya zo gare ni sai in ce ya je ya yi karatu. To karatun kun yi, wasunku har sun wuce ni, kuma na ji da kunnena Amina tana cewa in ta zo hutu za ta sayo sabuwar muciya a jefar da tsohuwar. Shi ya sa na dakata da labarin aikina, na ware wa itacen nan babi guda, don ku san abin da za ku jefar.

Muciyar nan wuyan jita ce. Jita mai lantarki, ja wur, mai tsirkiya shida, kuma hudar nan da kuke gani nan ne mazaunin kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Wani malaminmu na lissafi ne ɗan Gana, Malam Kofi, ya bar min ita ranar da zai koma ƙasarsu, don motar ta cika maƙil, kuma ya san duk makarantar ni ne ke laɓewa a tagarsa in yana kaɗawa. Kafin nan na iya garaya. A Ruwan Bago na koya, wurin dangin Inna, hannun wani tsohon maharbi maƙwabcinsu, a ɓoye. Dole a ɓoye, don gidanmu a Yola gidan alƙalami ne. Kakanku Malam Ɗahiru shi ne magatakardan dagaci, kamar yadda ubansa ya yi. Shi ke rubuta wasiƙa, shi ke rubuta shaidar iyakar gona, shi ke rubuta sunan jariri in an haihu. Yayyena biyu sun riga sun gudu, ɗaya soja ɗaya direba, saboda haka tabarmar zaure da akwatin takardu ni kaɗai suke jira. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, na gama makaranta, ina zaune ina taya shi kwafe wasiƙa da safe, da yamma in kulle kaina a ɗaki, in jona jitar da tsohuwar rediyo da batirin mota.

Matsalata ɗaya ce, kuma Allah ne ya halicce ni da ita. Yatsuna gajeru ne. Ku dubi na ɗan'uwanku Bashir, irin nawa ne sak. Shi kuwa Malam Kofi in ya shimfiɗa tafinsa zai rufe bakin tukunya, kuma jitarsa ta dace da shi, wuyanta mai kauri kamar taɓarya. Kiɗa mai sanyi ina yin sa lafiya lau. Amma akwai wani taken maharba da na ɗauko daga garaya na mayar kan jita, wanda a ƙarshensa yatsu ke gangarowa da gudu tun daga sama har ƙasa, kuma duk sanda na zo wurin sai in yi tuntuɓe. Ban taɓa zargin yatsuna ba. Itacen nake zargi.

Ran nan tsirkiya ta tsinke min, na shiga Kano sayen wata a Sabon Gari. Ina gwada sabuwar a kan wata jita ta shagon, sai na ga wani mutum mai faffaɗar hula ya daina hira ya juyo. Ashe shugaban wasu 'yan kiɗan zamani ne, ana ce masa Kyaftin.

“Kai ɗan ina ne?”

“Yola, yallaɓai.”

“Ka sha hanya.”

“Ta Karaye.”

“Au, to ba ka sha ba. Sake kaɗa abin nan in ji.”

Na sake. Ya ce min mai riƙe musu jitar gaba zai bar su, kuma nan da mako uku suna da wasa a Rogo, bikin ɗan wani dillalin gyaɗa. In zo da jitata, zai ba ni waƙa ɗaya a gaban jama'a. In hannuna na da gudu, in hau mota mu koma Kano tare. Na faɗa masa damuwata ta wuyan jita, sai ya kai ni bangon shagon ya juya min bayan jita uku. Ɗaya mai tudu, ta cika tafi, irin tawa. Ɗaya mai doro a tsakiya kamar ƙirjin kaza. Ta uku siririya, shimfiɗaɗɗiya, kana kama ta yatsunka sun zagaye.

“Mai tudun nan ba ta gajiyar da hannu,” in ji shi. “Mai doron ta masu ɗora babban yatsa ce a sama. Siririyar kuwa ita yaran yanzu ke so, wai don gudu. Amma fa...”

Abin da ya biyo bayan “amma fa” ban ji shi ba. Ba mota ce ta wuce ba, kunnena ne ya rufe. Na ji siriri, na ji gudu, na kama hanyar tasha.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana goge bakin alƙalami da tsumma, ƙanwarsa Goggo Ladi tana gefe ta kawo masa fura. Na durƙusa na faɗi komai, kaina a ƙasa. Baba mutum ne da ko gobara ake yi sai ya gama abin da ke hannunsa. Ya gama gogewa, ya ɗaga alƙalamin ya duba a haske, sannan ya yi magana.

“In sun ɗauke ka, ka tafi, ba zan yi maka baki ba. In ba su ɗauke ka ba, ranar Litinin ɗin da ta biyo ka zauna a nan, kuma kada in ƙara jin maganar.”

“Yaya! Da bakinka?” Goggo ta dire ƙwarya. “Jikan Malam ya tsaya gaban mata yana wasa su? Maroƙi a gidan nan?”

“Goggo, ba roƙo ba ne, kiɗan zamani ne.”

“Ana liƙa maka a goshi ko ba a liƙawa?”

“Wani lokaci akan...”

“To roƙo ne mai lantarki.”

Ta fita tana salati. Inna kuwa sai washegari, tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba ta ce tun da itacen ne ya yi min kauri, me ya hana ni kai wa Iro na Beli? Sai lokacin na gane duk kulle ƙofar da nake yi, matar nan ta san wurin da nake tuntuɓe fiye da ni.

Baba Iro, kakanku na wajen uwa, ba ku same shi da ƙarfinsa ba, saboda haka bari in gaya muku ko wane ne. Masassaƙi ne, amma ba ya turmi, ba ya kujera, ƙotar fartanya da ta garma kawai yake yi, kuma daga ƙauyuka masu nisa ake zuwa. Ba shi da abin awo. In ka zo, zai gutsuro ɗanyen yumɓu, ya mulmula, ya miƙa maka ya ce ka damƙa yadda kake damƙar abin aikinka. Ka buɗe hannu ya karɓa, ya ajiye a inuwa ya bushe, sannan ya sassaƙa ƙotar daidai da sawun hannunka. Manomi zai wuni yana noma ba kanta ba zamewa. Yakan ce bakin mutum zai gaya masa abu ɗaya, hannunsa ya gaya masa wani, shi kuma na hannun yake bi.

A nan na yi wautar farko, kuma kunya ce ta sa ni. Ɗan magatakarda ya ratsa ƙauyuka da jita ja a bayan keke, ai kafin in kai Beli labarin ya riga ni komawa gida. Sai na kwance kusoshi huɗun da suka riƙe wuyan, na cire tsirkiyoyi da kunnuwa, na naɗe itacen tsirara a buhu. Na same shi gindin wata bishiya yana aiki da gizago. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi Goggo, ya tambayi dagaci da iyalinsa, ya tambayi yadda damina ta yi mana, sannan ya karɓi itacen ya jujjuya.

“Ƙotar mene ce wannan?”

“Ta wani kayan aiki ce, Baba.”

“Wane aiki?”

“Na... hannu.”

“Ai kowane aiki na hannu ne. So kake ta riƙu?”

“Sosai. Ta yi min kauri.”

Ana haka 'yarsa ta fito da ruwa a kwanon sha. Budurwa ce doguwa, mai ido kamar tana jiran ka yi kuskure. Ta ajiye ruwan, ta dubi hudar nan shida da 'yan ƙarafan da aka gitta a fuskar itacen.

“Baba, wannan ai kamar abin kiɗan nan ne da ake gani a kwalin kaset.”

“Ke Hajara, ki iya bakinki. Ɗan Malam Ɗahiru ne fa. Me zai haɗa shi da kiɗa?”

Na sunkuyar da kai na sha ruwa kamar wanda ya kwana uku a daji. Ya miƙo min yumɓu ya ce in damƙa. Ni kuwa, da na riga na zama mai kayan aiki, na damƙa da dukan hannu kamar zan sare itace.

Bayan kwana uku na koma na karɓa. Wallahi aikin ya yi kyau. A tsakiyar wuyan ya fafe gurbin yatsu huɗu, ya yi wa babban yatsa mazauni nasa, ya goge har yana ɗaukar ido. Ina kamawa hannuna ya shige ya zauna daram. Na dawo gida na ɗaura, na jona, na ɗora hannu. Ya shiga, ya ƙi fita. Mai jita dole hannunsa ya yi ta zirga-zirga sama da ƙasa, nawa kuwa an ɗaure shi a turke kamar akuya. Murya huɗu kawai nake iya fitarwa, su ɗin dai, duk yammacin. Goggo ta leƙo ta ce wannan kiɗan ya fi na da natsuwa, in ci gaba da shi.

Ba yadda zan yi, na ɗauki jitar gaba ɗaya, na lulluɓe da zanen Inna, na koma Beli na faɗi gaskiya. Baba Iro ya daɗe yana kallona. Daga bayan zana ina jin wani yana ƙoƙarin danne dariya yana kasawa.

“Kaɗa in ji.”

Jita mai lantarki in ba a jona ta ba, ba ta da murya. Na kaɗa, ta yi 'yar ƙara siririya.

“Wannan kukan sauron za ka bar aikin ubanka saboda shi?”

“In an sa mata wuta tana da ƙarfi, Baba. So nake hannuna ya riƙa zamewa a kanta.”

“Zamewa?” Ya ajiye gizago. “Shekara arba'in ina hana hannun mutane zamewa, yau ka zo in sa naka ya zame? In aka ji wannan a kasuwa fa?”

Na ɗauka zai kore ni. Amma mai sana'a in ka kawo masa abin da bai taɓa yi ba, ransa ba ya barinsa. Ya tashi ya samo kara, ya lulluɓe shi da yumɓu mai tsawon wuyan jitar, ya ce in yi a kai yadda nake yi in ina kaɗawa, kada in ji kunyarsa, kunyata ta riga ta ci masa kwana uku. Na rufe ido na bi taken maharban nan daga farko har ƙarshe a kan ɗanyen yumɓu. Ya karɓa ya karanta kamar yadda Baba ke karanta wasiƙa.

“Babban yatsanka ne kaɗai ke tafiya a baya, sauran a gaba suke rawa. Hannunka bai ce siriri ba. Ya ce sumul, ya ce a ɗan kwantar masa da gefen nan.”

Ya baje guraben da ya fafe, ya daidaita bayan tun daga sama har ƙasa, ya kankare da fasasshiyar kwalba, ya shafe da man kaɗanya. Da na koma gida na jona, sai da na ji tsoron hannuna. Ban taɓa kaɗa abu mai daɗi haka ba. Mako guda ina yi, har Inna takan rage ƙarfin daka in na fara. Ya'yana, da a nan na tsaya, wataƙila da a Kano aka haife ku, ko kuma da ba a haife ku ba sam. Amma gangaren nan na ƙarshen take, cikin gwaji goma ina wuce bakwai, in faɗi a uku. Mai hankali zai ce saura kwana biyar, a ci gaba da gwaji. Ni sai na tuna siririyar jitar nan ta bangon shago.

Na koma Beli karo na uku. Baba Iro ya ƙwanƙwasa bayan itacen da gaɓar yatsa, ya kai kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

“Akwai ƙarfe a cikin nan, dogo, daga kai har gindi. Shi ke riƙe ta kada igiyoyin nan su tanƙwara ta. Naman da ya rage tsakaninsa da waje bai fi ɓawon gyaɗa biyu ba. Ya isa.”

“Kaɗan kawai, Baba. Don gudu.”

Ya sake ba ni yumɓu, na sake bi, ya kwatanta da na farko.

“Hannunka bai canza magana ba. Bakinka ne ke ta surutu. Ban taɓa bin baki na bar hannu ba, ba kuwa da kai zan fara ba. Ka gaida Malam.”

Da zan hau keke na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na tsinci gutsuren kwalba ɗaya daga tarin da yake aiki da su, na jefa a aljihu. Ina ɗagowa muka haɗa ido da Hajara, tana shanya.

“Malam, in Baba ya ce ya isa, to ya isa.”

Na ce mata na gode, da irin muryar da ake ce wa yaro ya je ya yi wasa. Wannan wurin ne nake so ku riƙe, don shi ne abin da ban taɓa faɗa ba. An daɗe ana cewa a dangi wai kakanku Iro ne ya ɓata min jita, ni kuma na bar maganar tana yawo don ta fi min sauƙi. Ba shi ba ne. Ni ne na zauna bayan rumbu kwana biyu ina kankara da kwalba, ina shafawa ina jin daɗi, har sai da na fara ganin wani dogon layi mai duhu yana nunawa ta cikin itacen. Na shafe shi da man kaɗanya na ce ado ne.

Ranar bikin aka yi wata irin rana a Rogo, kuma jitar ta sha ta tun hantsi a bayan motar kasuwa, tsakanin buhunan gyaɗa. Bayan la'asar fili ya cika. An jera bencina, mata a gefe guda, dattawa a gaba kan tabarmi, janareta na ruri a bayan rumfa, lasifika biyu kowacce ta kai tsayin mutum. Ina ɗaure tsirkiya na ji muryarta ta ɗan sauka, na ƙara murɗa kunne. Ta sake sauka, na sake murɗawa. Ban san itacen ne ke sunkuyowa ba, ni kuma ina ƙara masa kaya. Kyaftin ya yi waƙa uku, sannan ya ce wa jama'a ga ɗansu na gida, ya yi min alama da hula.

Zan faɗi wannan ba kunya, don ba wanda zai faɗa min: na yi kiɗa. Ina shiga taken, wasu tsofaffi a gaba suka miƙe zaune, don sun gane shi, taken da suka sani a garaya ne yau yake fitowa ta lasifika kamar aradu. Ɗaya ya ɗaga sanda ya yi kururuwa. Mai ganga ya biyo ni, mata suka rangaɗa guɗa. Ina jin tsirkiyoyin suna ƙara nisa da itace, sai na ƙara danna su, ina jin muryar tana lanƙwasa, sai na miƙa hannu na ƙara murɗa kunne a tsakiyar kiɗa, jama'a suka ɗauka salo ne suka tafa. Na zo gangaren nan na wuce shi tas, da gudun da ban taɓa yi ba kuma ban ƙara yi ba. Saura 'yar jimla ɗaya in rufe taken.

Sai ƙas! Ta lasifika ya fito, kamar an harba bindiga a cikin kunnen kowa. Ƙarfen ya faso bayan itacen ya tsaga min tafi, wuyan ya sunkuya, tsirkiyoyi suka zube kamar taliya. Wani ya yi ihu janareta ta fashe. Mata suka watse, benci ya ɗage da wani mai ƙiba da ya rage shi kaɗai a gefe, tsohon nan mai sanda kuwa ya kwanta rub da ciki, ya ce shi ya san ƙarar harbi. Ango ma sai daga baya aka gano shi bayan rumfa.

Da hankali ya dawo, Kyaftin ya zo ya juya jitar ya ga ɓarnar, ya dube ni. Bai yi dariya ba, kuma har yau ina gode masa. Ya ciro tasa daga wuyansa ya rataya min ya ce in ƙarasa. Ina kama ta na ji ta cika min tafi. Mai tudu ce, mai kauri, irin ta Malam Kofi kafin in taɓa ta.

“Ai na gaya maka a shago,” in ji shi. “Na ce yaran yanzu na son siririya, amma fa ni da wannan nake gudu.”

Na gwada. Hannuna ya riga ya saba da wani wuri, ga jini yana sa shi santsi, babban yatsana yana ta lalube kamar baƙo a gidan da ba nasa ba. Ko rabin taken ban kai ba. Ya karɓi abarsa a hankali, ya ja ni gefe.

“Kana da hannu, ƙanena, ban taɓa jin an yi wa garaya haka ba. Amma kayan kiɗanmu tare muke amfani da su. Wanda ya yi wa tasa haka, ya zan ba shi tamu?”

Motarsu ta tashi ina tsaye da jita a hannu biyu, gangar jiki a dama, wuya a hagu. Na koma gida na shiga bayan rumbun nan da na yi kankara, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Kuna yawan cewa Allah ya taimake ni da jitar ta karye, kuma ban musa ba. Amma ku sani ya yi min ciwo, kuma na yi shekaru ko rediyo in an sa jita sai in tashi in fita.

Ranar Litinin na zauna a tabarmar zaure da hannu a ɗaure. Goggo ta raba waina sadaka. Baba bai tambaye ni komai ba, duk da na san labarin ya zo masa ta baki goma. Ya buɗe akwati, ya ciro alƙalaminsa, ya miƙo min. Na karɓa na riƙe. Ya dubi hannuna ta saman tabarau.

“Bai yi maka kauri ba? Ko a kai wa Iro?”

Wannan ce kaɗai maganar da ya taɓa yi a kai har ya koma ga Allah, kuma alƙalamin nan na riƙe shi shekara talatin da wani abu.

Sai da na yi wata biyu kafin in iya kai wa Baba Iro karyayyen wuyan, da niyyar ba shi haƙuri. Ya shafa bayansa da yatsa sau ɗaya.

“Wannan kankarar ba tawa ba ce.”

“Na sani, Baba.”

“To shi ke nan. Bar shi a nan, itacen kirki ne.”

Ya ji ana ɗora masa laifin a kasuwa, bai taɓa kare kansa ba. Ni kuma daga nan sai wasiƙun dagaci masu zuwa wajen Beli suka yawaita, har Baba ya fara tambaya ko iyakar ƙasarmu ta matsa can ne bai sani ba. Sauran kun sani. Ranar da aka kawo kayan Hajara gidan nan, cikin tukwane da ƙore sai ga wuyan jitar nan. Baba Iro ya zare ƙarfen, ya cike gurbin da tsinken ƙirya, ya cire 'yan ƙarafan fuska, ya gyara gindin ya zama bakin muciya. Kuma sai da ya ba ta yumɓu ta damƙa kafin ya taɓa shi. Hudar shida kawai ya bari, wai don a samu wurin rataya. Ita ta ce min lallai in rubuta cewa tun ranar farko ta gane abin kiɗa ne, kuma ta gargaɗe ni. Ga shi na rubuta.

Bara, wata safiya, na shiga kicin neman ashana. Ummanku ta ɗora ruwan tuwo ta fita ɗebo gari, muciyar na rataye a ƙusa, wankakkiya. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na sauke ta, na tokare gindinta a ciki, na kama wuyan da hagu. Babban yatsana ya koma wurinsa kamar jiya ya bar shi. Na fara taken a hankali, ina yin muryar da hanci, yatsun tsufa suna bin wuraren da ƙarafan suke a da. Na gangara, na yi tuntuɓe sau biyu, na wuce, na kai 'yar jimlar nan da ban samu na kaɗa a Rogo ba, na rufe. Ina ɗagowa na gan ta a bakin ƙofa da ƙwaryar gari a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Na manta cewa ranar bikin tana cikin matan da suka yi guɗa, kuma tana cikin waɗanda suka gudu. Na shirya jin abin da zai ishe ni mako guda.

“Ashe haka ƙarshensa yake,” in ji ta.

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙi ne, alhali a kan gas take girki.

“To miƙo, Malam. Ruwan ya tafasa.”

Amina, ki sayo sabuwar, ban hana ki ba. Amma wannan, ranar da Ummanku ta gaji da ita, ɗakina za a kawo ta.